Ɗiyar da Ta Zo da Ƙafa a Faraku

A kan buhunan albasa na gane tafiyar nan ba za ta yi mini daɗi ba. Mun tsallaka iyaka ta daji, don a shekarun farin nan an rufe hanya, na sayar da jakina a Bangi, munka faɗo Madawa ni da maiɗakina Kulu, ita da cikin wata bakwai, ni da tabarma da buta da ɗan garin kwaki ƙulle a zane. Damina biyu a jere gero na fitowa a garinmu Tsamaye ya kai gwiwa, ya tsaya nan ya bushe. Maza na barin matansu gida su tafi cin rani, amma ni babu wanda za ni bar wa ita. Uwata ta rasu, mutanen gidansu na Unguwar Lalle kowa ya kama gabansa. Kuma mun riga mun rufe ɗiya biyu, ɗaya ƙyanda ta ɗauke shi, ɗaya ko numfashi bai zo da shi ba. Na ce wanga na ukun, duk inda za a haife shi, ina kusa za a yi.

Faraku munka nufa, can cikin ƙasar Benin, wurin Labbo. Duk mutumin yankinmu da yunwa ta kora kudu a lokacin, sunan Labbo ke bakinsa. Ɗan Tozai ne, tsarana, mun sha yin kokawa a dandali ina kayar da shi. Shi ya fara neman Kulu kafin ni. Ba wanda ya tilasta mata, ita da kanta ta duba ta ga ina da gona a bakin fadama da shanun huɗa, shi kuwa rediyo gare shi da baki. Ta zaɓe ni. Ya yi zuciya ya bi motar albasa, ba a sake ganinsa ba sai labari: Labbo ya zama dillali, Labbo ya gina gida, Labbo ya je Makka. Yanzu ga ni, shanu sun mutu, gona ta zama fili, na ɗauko matar da na kayar da shi a kanta za ni kai ta ƙofar gidansa mu ci tuwo. Tun Madawa abin ke cina, ban faɗa wa kowa ba.

A tashar Madawa wani ɗan kamasho mai jar hula ya kama hannuna kamar ya san ubana. Ya ce mace mai ciki ba ta hawa saman kaya, in biya ya ajiye mata gidan gaba kusa da direba. Na zazzage masa abin da jakin ya bari. Da anka zo tashi sai ga wasu mutum biyu kowa na rantsuwa shi anka sayar wa gidan gaba, direba kuwa ya ce bai ma san mai jar hula ba, wurin na mai albasa ne. Munka neme shi ƙasa da sama, ya ɓace. Haka anka ɗora Kulu saman buhuna, ina turawa daga ƙasa, 'yan mota na ja daga sama suna dariya. Wani Buzu mai baƙin rawani, wanda raƙumansa sunka ƙare yadda shanuna sunka ƙare, ya zaro matashin fata daga kayansa ya miƙa mata. Har munka rabu ban ji muryarsa ba.

Wanda bai yi tafiya kan albasa ba bai san wari ba. Rana na dafa ta daga sama, mu muna danne ta da jikinmu. Ga shingayen jandarmomi, a ce kowa ya sauko, a jera mu, a tambayi takarda, ba mu da ita, direba ya shiga bukka ya fito, a ce a hau. Kowace sauka da kowace hawa sai na ga Kulu ta cije leɓe.

A Doso mota ta lalace, munka yini gindin wata bishiya. Wata Bazabarma mai sayar da dambu da zogale ta zuba wa Kulu ƙwarya guda ta ƙi karɓar komai. Ta daɗe tana kallon cikin, ta sa hannu ta taɓa, ta yi magana da ƙawarta da yarensu, sunka dubi juna. Da sunka matsa sai Kulu ta kira ni. Ita ba mai zancen ciki ba ce, cikinta biyu na baya ko sau ɗaya ba ta ambata mini ba. Ta ce, kanta sunkuye:

"Nomau, wanga ɗa ba kwance yake ba, zaune yake. Kansa na nan ya tokare mini ƙirji, shurinsa can ƙasa nike jin shi."

Na ce jijjigar mota ce, in mun sauka zai koma. Ta ce tun gida haka yake. Sannan ta ce haka na A'i ya zauna.

A'i yayarta ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Yaronta ya sako ƙafa, kai ya ƙi fita, anka ɗora ta a amalanke za a kai ta Sabon Birni, ba ta kai ba. Ina cikin waɗanda sunka ɗauki makara. Ban sake ce wa Kulu jijjiga ba.

Da munka haye gadar Gaya na ga ruwa kwance iya ganin ido, babu mai ko kallonsa. Daga Kandi zuwa ƙasa hadari ya fara tarbar mu. Ciyawa har bakin titi, awaki na taka ta suna wucewa. Na hangi wani ƙato kwance gindin mangwaro da rana tsaka, gonar doyarsa na bayansa kore shar, ko fartanya bai riƙe ba. Wallahi na ji haushin mutumin nan kamar ya zage ni. Mu da ke duƙe tun asuba, mu fita roƙon ruwa har goshinmu ya yi kanta, ashe ga inda ruwan ke sauka. Na yi istigfari, amma haushin bai tafi ba.

Labbo ya yi ƙiba. Babbar riga, haƙorin Makka, fijo fara a ƙofar shago. Ya rungume ni ya ce ɗan'uwa. Sannan ya juya ya ce, "Kuluwa, ke ce haka?" Ba mai ce mata Kuluwa sai 'yan dandali na zamanin tana budurwa. Ta ja mayafi ta rufe baki tana dariya. Rabona da jin dariyarta tun kafin ƙyanda ta shigo gidanmu.

Ba za ni yi masa ƙarya ba, ya yi mana komai. Ya ba Kulu ɗaki a cikin gida kusa da matarsa, wata Badendiya mai kirki, har da katifa. Ni ya ce in kwana a shago da sauran 'yan dako, ya ba ni aikin sauke albasa. Ga ni da buhu a gadon baya, shi kuwa zaune kan benci yana jan carbi. Kullum sai ya aika mata da nama, ko kifi, ko madarar gwangwani. Duk abin kirkin da ya shiga bakinta daga hannunsa ya fito, ni iyakata in shigo da ƙosai ƙunshe a takarda. Ba a daɗe ba kumatunta sunka dawo. Ya kamata in yi murna, na kuma yi, amma rabi.

Matar Labbo ta faɗa masa zancen cikin, ya ce a tafi gidan haihuwa. Ya buɗe wa Kulu gidan gaba, wanda na saya mata a Madawa ba ta samu ba. Ni ina baya ina warin albasa. A can, matar da ta duba ta Faransanci take yi, sai da Labbo ya tsaya bakin ƙofa, ta faɗa masa shi kuma ya faɗa mini. Wani namiji ke bayyana mini yadda ɗana ya zauna a cikin matata, har yana kwatantawa da hannu. An ce yaro zaune yake, wasu kan juya da kansu kafin wata ya cika, in bai juya ba kada a kuskura a gwada a gida, a kawo ta da wuri, wataƙila sai an tsaga ta. Kulu na jin tsagawa ta dafe bango. Labbo ya ce mata kada ta damu, ko mi za a kashe yana wuyansa. Na ce masa ina da rai. Ya ce, "Na sani, ɗan'uwa," a hankali, kamar mai lallashin yaro. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Na samo mata rubutu wurin wani malami a zango. Labbo ya kawo nasa daga wani babban malami, haɗe da ruwan zamzam. Ta sha duka biyu, ni kuwa ina tsaye ina duban wanda za ta fara ɗauka. Mako ya bi mako, yaro na nan zaune. Abincinsu na doya ba ya kama mini ciki, furar garin kuwa ruwa ce anka nuna wa gero. In na sauke mota sai in zagaya bayan shago in zauna ina tuna kukar da ke tsakiyar gonata, ko tana nan, ko an sassaƙe ta an ci.

Wata ranar kasuwa na ɗauko buhu za ni kai wa wata mai tuwo, na bi ta layin masu kwanoni, sai na ji murya daga baya da Hausa sak:

"Kai bawana, wa ya koya maka wuce uwargijiyarka ba gaisuwa?"

Na juyo da buhun a kai. Wata gajerar tsohuwa ce, Bayarba, ɗaurin kallabinta kamar rumbu, tana nuna tsagen fuskata da yatsa. Tsagen Gobir ba ya ɓoyuwa, daga gefen baki yake har kunne. Kowa a ƙasarmu ya san abin da ke tsakanin Bagobiri da Bayarabe. Taubasai ne tun kakanni, kowa na cewa ɗaya bawansa ne, kuma ba a fushi, duk abin da anka yaɓa maka sai ka haɗiye ka rama. Na gaji, wuyana na ciwo, amma bakina ya riga ni. Na ce mata ashe nan ta ɓuya, tun yaushe muke cigiyar baiwar gidanmu da ta gudu da tukunyar barkono. Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Ta ce in kai kayan in dawo, akwai aiki.

Iya Rashidi ake ce mata. A Ƙauran Namoda anka haife ta, ubanta na ciniki bakin tashar jirgi, aure ya kawo ta Faraku. Ta yi shekaru tana karɓar haihuwa a gidan haihuwar nan da munka je, har gwiwoyinta sunka gaza, ta koma sayar da kwanoni. Daga ran nan kullum na tashi dako sai in je in share mata rumfa, in kwashe kwanoni in kai gida, in ja mata ruwa a rijiya. Ladana zagi ne da kwanon abinci mai barkonon da ke sa ni hawaye, tana tsaye a kaina tana cewa a zo a ga jarumin Gobir yana kuka. Ni kuma in ce mata da gidanmu take da an koya mata girki. Duk faɗin Faraku nan ne kaɗai nike cin abinci ban ji alherin wani ya danne mini wuya ba, don a ganina ƙwata nike daga hannun baiwata.

Namiji ba ya buɗe baki ya yi zancen cikin matarsa, ko da uwarsa ce. Amma taubashi ba a jin kunyarsa. Wata rana ta ce mi ya sa fuskata kullum kamar ruɓaɓɓiyar albasa, sai na zazzage mata komai, har labarin A'i. Ta ajiye kwanon da take gogewa. Ta tambayi watanni, ta tambayi inda shuri ke fitowa, ta ce in kawo mata ita. Na ce tana gidan Labbo, ta zo mu je. Ta ja tsaki ta ce ƙafarta ba ta taka gidan nan. Ashe shekarun baya ta taɓa kiransa bawa a gaban wasu 'yan kasuwa da sunka zo daga Kwatano, ya murtuke ya ce shi Alhaji ne ta san da wa take magana, har ya kai ƙararta wurin sarkin zango. Ta ce Bagobirin da ba ya ɗaukar wasa, tsagen fuskarsa kwalliya ce kawai. Tana da ɗaki a bayan gida, in kawo Kulu ta zauna nan, don irin wannan ciki yana son ido kullum.

Tun da na baro gida ban ji magana mai daɗin wagga ba.

Da na kai wa Kulu zancen ta daɗe tana kallona. Ta ce nan akwai katifa, akwai mota a ƙofar gida, can mi ke akwai? Na yi ta yabon tsohuwar, har bakina ya zarce na ce ai mun zauna gidan wani ƙato ya isa haka. Sai ta ce:

"Nomau, ni mutuwa nike tsoro. Kai Labbo kake tsoro. Kowa ya ji da nashi."

Matar Labbo ce ta raba mu, ta leƙo ta ce in Iya Rashidi ce a kai ta, rabin ɗiyan zangon nan a hannunta sunka faɗo, har ɗanta na fari. Kulu ta ɗaure kayanta. Labbo bai hana ba. Kashegari ma sai ga katifar ya aiko da ita, don kada in huta.

Iya ta sa Kulu durƙuso safe da yamma, ƙirji a tabarma, baya sama. Ta hana ta zama kan kujera 'yar tsugunno, ta sa ta zagaya tsakar gida tana mata tsiya. Wata safiya ta ɗauko man kaɗe, ta kore ni waje ta ja labule. Na tsaya bakin rijiya har ƙafata ta yi tsami. Ta fito tana zufa ta ce ya juya, kai ya koma ƙasa. Na sayi goro na raba a zango, na tabbata na Labbo shi ya fara isa. Ba a yi mako ba Kulu ta tashi da safe ta ce kan ya dawo ƙirjinta. Iya ta taɓa, ta girgiza kai ta ce jinin Gobir ne, an ce ya sunkuya ya ƙi. Ta ce ba za ta sake gwadawa ba, tilastawa sau biyu ba kyau. A gidan haihuwa za a haife shi, ita da kanta za ta shiga, waɗanda ke can ita ta koya musu riƙon jariri. Ta dube ni ta ce ran da abin ya zo kada in tsaya neman malami ko neman shawara, mota za ni nemo. In ruwa ya sauka lungunta taɓo yake zama, 'yan tasi ba su shiga. Mota ɗaya na sani a garin nan da za ta zo. Na yi kamar ban gane ba.

Abin ya zo bayan azahar, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ina toshe wa Iya yoyon rufin gida sai ta fito daga ɗakin Kulu fuskarta ta sauya. Ta ce faya ta fashe, ƙafa na kusa, in ruga in kira Labbo. Na ce bari in fara duba tasha. Ta miƙa hannu ta kama mini kunne ta murɗe.

"Bawana, yau ba wasa nake yi ba."

Na ruga. Takalmina ɗaya ya maƙale a taɓo, na yar da ɗayan. Na iske Labbo a shago, motar albasa an sauke rabi, ruwa na dukan albasa, yana tsaye yana ba da umarni a jawo tamfol, 'yan kasuwa kewaye da shi. Na tsaya gabansu ina ɗiga kamar jiƙaƙƙen zakara. Tun da na zo garin nan Labbo nike ce masa, da gangan, kowa na Alhaji ni ina Labbo. Ran nan na ce, "Alhaji, ka taimake ni. Kulu ce."

Bai tambayi komai ba. Ya bar albasa a ruwa, ko hula bai ɗauka ba. Kuma ko a wannan hali, wani abu a cikina ya lura da saurin da ya yi.

Mota ta kasa shiga lungu. Na shiga na ɗauko Kulu a hannu, ba ta kai nauyin buhu ba, na kwantar da ita a baya. Iya ta buɗe gidan gaba ta zauna ta ce masa, "Tuƙa, bawa." Ya haɗiye, ya tayar da mota. Ƙafar mota ta nutse tana ta juyawa wuri ɗaya. Na koma baya na sa kafaɗa na tura, taɓo na fesa mini a fuska, har ta fizga ta fita. Ba su tsaya ba. Iya ce ta ce kada ya tsaya, kuma gaskiyarta. Na tashi daga cikin taɓo ina kallon motar Labbo ta sha kwana da matata a ciki. Na bi su da gudu.

Da na isa na same shi zaune kan bencin da mazan masu haihuwa ke zama, masu wucewa na yi masa sannu, maigida. Wata mai farar riga ta fito tambayar wani abu, shi ta nufa. Na zauna can ƙarshen bencin. Sau ɗaya na jiyo muryar Kulu daga ciki, ita da ta haihu sau biyu ko maƙwabta ba su ji ba. Na ga amalanken A'i a idona. Can sai Labbo ya ce, bai dube ni ba, da shi ta zaɓa da yanzu shi ke zaune cikin wanga tsoro. Na ce masa ai ga shi zaune. Ya yi wata 'yar dariya mara daɗi, ya ci gaba da jan carbi.

Gab da magariba Iya ta fito, kallabi ya zame, hannuwanta jiƙe har gwiwar hannu. Labbo ya riga ni miƙewa. Ta wuce shi kamar turke ta tsaya gabana.

"Bawana, an ƙara mini baiwa. Da ƙafa ta shigo, kamar mai shiga gidan ubanta. Uwar tana nan, ba a tsaga ta ba."

Ta ce kan ya so ya tsaya, yarinyar kuma ta fito shiru, sai da ta murje ta sosai kafin ta yi kuka. Sauran ban ji ba. Na zame ƙasa gindin bencin.

Da abin da dako ya bar mini na sayi wata akuya ramammiya mai karyayyen ƙaho. Ran suna da safe mutane sun taru a tsakar gidan Iya, sai ga mutanen Labbo sun jawo farin rago, tsayinsa ya kusa na maraƙi. Kowa ya kewaye shi ana shafawa ana sa albarka. Liman na wasa wuƙa yana kallon ragon. Akuyata na ɗaure jikin turmi ba mai ko waiwayenta. Ba a mayar da kyauta a gaban jama'a. In kuwa anka yanka shi, sunan ɗiyata ya hau kan ragon Labbo ke nan har abada. Na tsaya riƙe da ƙwaryar goro.

Iya ta fito tana ɗingishi. Ta zagaya ragon, ta matsa kuturinsa, ta duba haƙora, sannan ta kwance igiyar ta naɗe a hannu. Ta ce shekara da shekaru Gobirawan zangon nan ba su ba ta kuɗin shara ba, 'yar kyautar da taubashi ke karɓa wurin taubashinsa duk shekara, wannan mai haƙorin Makka kuwa har ƙararta ya kai, saboda haka rago ya zama nata. Kowa ya juya yana kallon Labbo. Na ga tsagen kumatunsa na motsi. Can ya ce:

"Tafi da shi. Dama baiwa ba ta ƙoshi."

Anka fashe da dariya, har liman. Iya ta ce yau dai tsagen ya yi magana. Ta ja ragon ta kai bayan gida ta ɗaure, ta dawo ta harare ni ta ce mi nake jira, in kawo wannan ɓeran nawa a yanka. Anka yanka akuyata, anka raɗa wa yarinya A'ishatu, sunan A'i. Naman bai zagaya kowa ba. Iya kuwa tun ran nan Ige take ce mata, ta ce haka mutanensu ke kiran wanda ya zo da ƙafa, sunan kuma ya bi ta har gida.

Da labari ya zo ruwa ya dawo ƙasarmu munka ɗaure kaya. Labbo ya ce in zauna ya ɗora ni kan 'yan dako, na ce na gode. Iya ta ba Kulu kwano mai murfi, ni ta ba ni ƙullin barkono ta ce in kai wa sauran bayinta. Ban sake ganin ko ɗayansu ba.

Ige na aure a Isa yanzu, ɗiyanta duk da kai sunka zo. A Tsamaye duk matar da yaronta ya zauna wurin Kulu take zuwa. Ta ce mata kada ta jira a gida, ta tafi asibiti da wuri, sannan ta ba ta labarin Faraku. Ina jiyo su daga zaure. Kullum da Labbo take farawa, yadda ya bar albasarsa ruwa na duka ya fito ko hula babu. Daga nan sai Iya. Wanda ya yi gudu ba takalmi, wanda ya ɗauko ta a hannu, wanda ya tura motar anka bar shi cikin taɓo, ba ta taɓa ambatonsa ba.

Wata rana na kasa haƙuri na tambaye ta. Tana tankaɗe, ko kai ba ta ɗaga ba.

"Shi alheri ya yi, dole a faɗi. Kai ɗiyarka ce."

Na koma zaure na zauna ina juya maganar, ban sami inda ta karkace ba. Amma har yau in na ji ta kai wurin albasar nan, butata nike ɗauka in tafi masallaci.